Gilashin da Muka Aika wa Inna

Tun kafin komai ya faru akwai abin da ke ci mini rai, na kuma kasa faɗa wa kowa don kada a yi mini dariya. Inna, mahaifiyata, ba ta taɓa kushe kamannin ɗana ba.

Wanda bai tashi a wajenmu ba zai ce ai wannan abin murna ne. A ƙauyenmu, can bayan Bichi, kaka ba ta yabon jika. Jika namiji mijinta ne na wasa, tun ranar suna take fara tsiya da shi. Ta ce kansa kamar tulu, ta ce hancinsa an zauna a kai, ta ce ita ba za ta iya zama da miji mai irin wannan kunne ba. Haka Inna take yi wa 'ya'yan ƙanwata, wadda ta riga ni haihuwa, har sai sun yi kuka ta ba su ƙuli-ƙuli. Nawa kuwa a nan Kuala Lumpur aka haife shi. Ba ta taɓa ɗaukarsa ba, sai dai a waya. Takan ce masa, "Maigida, yau ma ba cefane?" Takan ce muryarsa kamar ta ɗan akuya. Amma kai, hanci, goshi, kunne, ko sau ɗaya ba ta taɓa ambatarsu ba.

Ni na ba kaina amsa. Ni ce 'yar farin Inna. Ba ta kiran sunana, ba ta kallon fuskata. Ko abinci za ta ba ni, sai ta ce wa ƙanwata, "Miƙa wa waccan." Ranar da za mu taho ƙasar nan ba ta rako ni ko zaure ba, ta zauna a ɗaki tana tankaɗen garin da ta riga ta tankaɗe. In mun kira ta waya mai hoto, ƙanwata ce ke riƙe wayar, Inna tana gefe ta kawar da kai, ta ce, "Ki gaishe da mutanen Maleshiya." Sai na ce wa kaina kunyata ce ta shafi yaron. Amma raina bai kwanta ba, don na san kunyar ɗan fari ba ta kaiwa kan jika. In ina wanke-wanke sai tunanin ya zo mini. Ko fushi take da muka yi nisa? Ko wani abu ta gani a fuskar yaron da ba ta son faɗa? Har madubi na riƙa kai shi ina duba idonsa da bakinsa.

Maigidana karatu ya kawo shi, kan harkar noman rani, ni kuma na biyo shi. Nawa karatun bai wuce firamare da Islamiyya ba. Muna zaune can sama a wani dogon bene, ɗaki biyu da ɗan falo. Abin da yake hutawa da shi in littafi ya ishe shi, tsofaffin sikirin ne, wato gilashin fuskar waya da na kwamfuta. Duk kwamfutar da ta mutu a hannun ɗalibai 'yan uwansa, gidanmu take ƙarewa. Wanda ya gama zai koma gida sai ya kawo masa matacciyar waya a leda kamar mai kawo sadaka. Shi kuma ya shimfiɗa tsohon zanina a kan teburin cin abinci, ya kwance su da ɗan sukudireba, ya zare gilashin a hankali. Ya ce mini yawancin kayan nan cikinsu ne ke mutuwa, fuskar lafiyarta ƙalau, zubar da ita asara ce. Yana da wata babbar roba mai murfi da yake jera su a ciki, ya raba kowanne da kwali, ya zuba 'yan ƙullin nan masu shan danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi, domin garin nan iskarsa a jiƙe take, har bango gumi yake yi.

Da gilashin wata ƙaramar waya ya yi mana agogon salla. Da wani ya yi abin da ke nuna ko za a yi ruwa, wanda ban ga amfaninsa ba a garin da kusan kullum da la'asar sai an yi. Akwai wani kuma da in an kunna shi fari tas, sai ka ga inuwar haruffa a ƙasansa, dishi-dishi. Na ce ya fitar mini da shi daga gida. Ya yi dariya ya ce ba aljani ba ne, mai wayar ne ya daɗe yana rubutu har wurin ya ƙone. Duk da haka ban yarda ya shiga ɗakin kwananmu ba.

Gaskiya ba na son aikin. Warin dalmar da yake narkawa yana kama labule. Kullum ina rarrafe a ƙasa ina tsintar ƙananan kusoshi kafin yaro ya kai baki. Maƙwabciyarmu, wata baiwar Allah 'yar Jos, Kirista, da ita ma karatu ya kawo ta, in ta leƙo sai ta ce, "Injiniyan bola, yau me aka tono?"

Maigidana ya ce, "Madam, ranar da talabijin ɗinki ya mutu, da ƙafarki za ki zo."

Ta ce, "Allah ya kiyaye. Ka mayar min da shi agogo?"

Ana saura kaɗan a fara azumi na yi ƙarfin hali. Lokacin kiranmu hantsi ne a gida, la'asar a nan. Na rage murya na ce wa ƙanwata, "Wai Inna tana kallon yaron nan kuwa?" Ita kuwa ba ta iya rufa asiri ba, nan take ta juya ta tambaye ta. Na ji muryar Inna daga gefe tana cewa, "Ce mata wayar ce ƙarama. Mutum kamar ƙuda a ciki."

Ƙanwata ta ƙyalƙyale da dariya. "Yaya, kin ji dai. Kin san halin tsohuwarki."

Maigidana yana kan teburinsa, ashe yana ji. Da muka kashe waya ya ɗago ya ce, "Ƙarama ce? To ai wannan mai sauƙi ne." Ya ce zai yi wa Inna babban gilashi, mai faɗin tire, wanda za ta ga jikanta kamar yana zaune a gabanta. Ban taɓa ganin fuskarsa ta yi haske irin na ranar ba. Ni ma sai na ji kamar an sauke mini kaya. Ashe ba fushi ba ne, ba kuma wani abu ne da yaron ba. Waya ce kawai. Ranar ni da kaina na share masa teburin.

Babu mai girman da yake so a cikin robarsa, don haka ranar Asabar muka hau jirgin nan mai bin dogo ɗaya a sama, muka sauka kasuwar Chow Kit. Muka ratsa ta cikin masu kifi, ƙasa duk ruwa, ina tattare bakin hijabina, muka bi wani lungu muka hau wani matsattsen bene. A can akwai kedai na wani mutumin Bangladesh, shago ne da ba ya ɗaukar mutum huɗu, matattun kwamfutoci jibge har rufi kamar farantan gidan biki. Ya riƙa zaro su yana haɗa musu wuta muna gani. Wannan yana da layi ja daga sama har ƙasa. Wannan yana da tabo rawaya a kusurwa kamar an ɗiga miyar kori. Wani kuwa danshi ya shige shi ya yi masa fure-fure a ciki.

Mutumin ya gaji ya tambayi maigidana wai me za a yi da shi ne haka ake ta zaɓe. Da Turanci suke magana, maigidana yana juya mini. Ya ce masa don surukarsa ce, ta ga jikanta. Mutumin ya dafe kai yana dariya. Ya ce shi tasa uwar in ya kira ta da hoto, a kunne take kara wayar, ya daɗe bai ga komai nata ba sai ramin kunne. Sannan ya ce, "Boleh, boleh," wato zai yiwu, ya durƙusa ya jawo wata daga ƙarƙashin kanta, wadda da alama ɓoye ta ya yi. Da ya kunna, fari sol, ba tabo ko ɗaya.

Ni na ɗauko gilashin zuwa gida, don maigidana yana riƙe da yaro da ledar kifi. Na sa shi a ƙirjina cikin hijabi. A jirgi mutane sun cika, na juya musu baya na fuskanci ƙofa, kamar mai ɗauke da jariri ranar fita.

Sai a lokacin na san gilashi shi kaɗai ba ya komai. Akwai lamba a bayansa, da ita ake nemo masa wani ɗan koren faranti mai ƙananan ƙarafa, wanda ke gaya masa abin da zai nuna. Kowane gilashi da irin nasa. Daga Sin ake aiko shi, sai an jira. Muka jira. Da ya zo, maigidana ya haɗa su da wata igiya mai faɗi, siririya kamar ɓawon albasa, yana riƙe numfashi. Ya ɗauko wata waya da fuskarta ta fashe amma cikinta na aiki, ya ɗaura ta a sama yadda idonta zai leƙo. Ya ce, "Ga mai rai ba fuska, ga fuska ba rai. Bari mu ɗaura musu aure." Katakon da ya zagaye su da shi na wata durowa ce da aka yar a ɗakin shara na benenmu. Ya kuma yi shi yadda zai ci wuta daga batirin sola, irin wanda mijin ƙanwata yake da shi, don garinmu ba a dogara da wutar gwamnati.

Ranar da ya fara kunnawa, fuskar yaron ta cika gilashin, har jiƙaƙƙen gashin idonsa ana gani ɗaya-ɗaya. Yaron ya ga kansa ƙato, ya ƙwalla ihu, ya ce "Tak nak!", wato ba ya so, da yaren yaran benenmu, ya ruga bayan kujera. Muka yi dariya har na zauna a ƙasa.

Gilashin bai kwana uku ba ya fashe. An kwantar da shi a tebur manne yana bushewa, ina kicin, yaron ya hau kujera ya tuƙa motarsa ta wasa a kai. Ban ji ƙara ba. Da aka kunna sai ga baƙi yana yaɗuwa daga tsakiya kamar tawada ta zube a allo. Maigidana ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Ba komai," ya fita baranda.

Aka koma Chow Kit. Aka samu wani, amma lambarsa daban, don haka koren farantin ma sai wani. Aka sake jira. Malaminsa na jami'a ya matsa masa da aiki, teburin ya koma na takardu. Azumi ya wuce, ƙaramar salla ta wuce. Da aka gama kuma sai neman wanda zai kai. Duk wanda muka tambaya sai ya ce kayansa sun yi yawa, ko ya ce yana tsoron ya fashe a hannunsa. A duk tsawon lokacin nan muna kiran gida, Inna tana gefe ta kawar da kai, ni kuma hankalina kwance. In ƙanwata ta ce, "Inna, ga maigidanki," sai in ce, "Ƙyale ta, babban yana nan zuwa."

Maƙwabciyarmu ce ta kai, bayan babbar salla, da ta gama karatunta. Ta ce ta Kano za ta sauka. Na naɗe shi da atamfata, maigidana ya ƙara kwali da soso. Ta ce, "Injiniya, a cinyata zai zauna har mu sauka. In ya fashe ka mayar da ni agogo." Mijin ƙanwata ya je filin jirgi ya karɓa.

Ranar da za a kunna, na yi wa yaro wanka da wuri, na sa masa farar riga da hular da na saya masa a kasuwar Masjid India. Ana ruwa a nan. Maigidana yana kan waya da mijin ƙanwata, yana ce masa ja ga ja, baƙi ga baƙi, kada ya juya. Sai muka ji matan gidan sun ɗauki salati, muka san ya kawo. Hoton ya zo mana. Sun ɗora gilashin a kan turmi a ƙofar ɗakin Inna, sun shimfiɗa mata tabarma a gabansa.

Inna ta zo ta zauna tana fuskantarsa sosai. Idon wayar yana saman gilashin, don haka ni take fuskanta. Tunda nake ban taɓa ganin fuskar mahaifiyata a miƙe gare ni haka ba. Ni na sunkuyar da kai. Da na ɗago ta matso kusa, ta ƙara matsowa, har ba ma ganin komai sai goshinta da bakin ɗankwali. Sai tafin hannunta ya rufe mu. Shafa gilashin take yi.

Ƙanwata ta ce, "Inna, ki ja baya mana. Ga angon naki nan, har da hula ya sa miki."

Daidai nan aka yi tsawa. Yaron ya zame daga cinyata ya ruga baranda kallon ruwa, na tashi na bi shi don ƙofar a buɗe take. Maigidana yana tsaye a gefe. Ba abin da ya rage a gaban wayarmu sai kujera da labule. Ina riƙe da hannun yaron a bakin baranda na ji muryar Inna.

"Masha Allah. Ya girma. Ya yi kyau. Hular ta yi masa kyau."

Ruwa kawai ake ji.

Ƙanwata ta ce a hankali, "Inna, wa kike gani?"

"Maigidana mana."

Na dawo na tsaya a bayan kujerar. Ina ganin ƙanwata ta ɗaga hannu tana kaɗawa a gefen fuskar Inna, kusa da kunnenta, ta matso da shi har gefen ido. Inna ba ta ƙifta ba. Murmushi take yi wa kujerarmu. Ƙanwata ta ce, "Yaya, zan kira ki," hoton ya ɗauke.

Daga baya ne komai ya riƙa fitowa, ɗaya bayan ɗaya. Inna ta daina zuwa biki da suna, ta ce ƙafa. Ta daina tsintar shinkafa, ta ce baya. In za ta yi ɗinki sai ta ba wani ya zura mata zare, kowace tsohuwa ma haka take yi. Gidan kuwa ƙafarta ta san shi, daga ɗaki zuwa rijiya zuwa madafa, ba ta taɓa tuntuɓe ba. Muryar kowa ta sani. Waɗanda ke kwana gida ɗaya da ita ba su gane ba. Kawar da kan da take yi a waya kuwa, duk wanda ya gani ya san dalili, ai 'yar fari ce a ciki.

Suka kai ta asibitin ido a Kano. Ni addu'ata ta zama yanar ido ce, irin wadda ake cirewa mutum ya koma gani. Likita ya ce ba yana ba ce, hawan jinin ido ne. Ba ya ciwo, daga gefe yake ci a hankali yana matsowa tsakiya. Na hagu ya daɗe da tafiya. Na dama saura ɗan ƙanƙanin wuri, kamar mai leƙe ta ramin kara, shi ma ya dushe. Ya ba da maganin ɗigawa don a riƙe abin da ya rage, ya ce wanda ya tafi ba ya dawowa. Ƙanwata ta ce ya tambayi Inna yaushe rabon da ta gane fuskar mutum. Ta ce da azumi tana ganewa, in mutum ya tsaya a rana.

Da azumi muna nan muna jiran koren faranti.

Ƙanwata ta ce a mota ta yi wa Inna faɗa har da kuka, ta ce don me ba ta faɗa ba. Inna ta ce, "In faɗa a gaya wa waccan, tana ƙasar mutane da ɗanyen goyo? Ta yi yaya?"

Maigidana ya yi ta tambaya a wajen abokansa masu karatun likita. Suka ce masa mai irin wannan ido, babban hoto a kusa ya fi ba shi wuya, don ɗan yanki kawai yake samu, ba ya haɗa shi ya zama fuska. Ya dawo ya zauna a teburin, ya buɗe robarsa ya rufe. Ya ce, "Na yi ta ƙara masa faɗi." Na kawo masa abinci ya ce in rufe.

Bayan 'yan kwanaki ya ce mu sake gwadawa. Ya sa aka shigar da gilashin cikin ɗakin Inna aka rufe taga, aka ajiye shi can jikin bango, ita kuma ta zauna nesa, a bakin ƙofa. Ya nuna wa mijin ƙanwata inda zai danna haske ya kai ƙarshe. A nan kuma muka rataya farin zanin gado a bayan kujera, na cire wa yaro hula, na ba shi biskit don ya zauna, na riƙe shi ta ƙugu ina durƙushe a ƙasa yadda shi kaɗai zai fito.

Inna ta daɗe tana kallo. Tana juya kai a hankali, sama, ƙasa, gefe, kamar masu neman jinjirin wata. Ba mai motsi. Yaron yana cin biskit ɗinsa yana kallon tsohuwar da ke cikin waya.

Ta ce, "Akwai haske. Akwai wani abu baƙi a tsakiya, yana motsi."

Ƙanwata ta ce, "Shi ne, Inna. Kansa ne."

Ta ƙara dubawa. Ta goge idon da bakin mayafi ta sake dubawa. Sannan ta ce, "A'a. Iyakarsa ke nan." Wannan karon ba ta ce ya yi kyau ba.

Na ɗauka an gama. Har na fara sassauta riƙon da na yi wa yaron, sai na ji ta ce, "Ke."

Na zaci da ƙanwata take.

"Ke nake nufi, ta Maleshiya. Faɗa min yadda yake."

Ban san ta inda zan fara ba. Inna ba ta taɓa tambayata wani abu baki da baki ba. Na ɗago na zauna a kujerar na ɗora shi a cinya, na juyo da fuskarsa ina kallo kamar yau na fara ganinsa. Na ce goshinsa irin na marigayi Baba ne, mai tudu. Na ce kunnuwansa na dangin ubansa ne, sun ɗan buɗe. Ba fari ba ne, ba baƙi ba, ya fi ni haske kaɗan. Yana da wushirya. In zai yi dariya kumatunsa na dama ne kawai ke lotsawa. Akwai ɗan tabo a haɓarsa inda ya bugi bakin tebur. Ina yi ina tsayawa, ita kuma tana gyaɗa kai a kan kowanne kamar mai karɓar saƙo.

Ta ce, "Girarsa ta haɗe a tsakiya?"

Na duba. Na ce ta haɗe, kaɗan.

Ta ce, "Yatsun ƙafarsa fa, na biyun ya fi babban tsawo?"

Na cire masa takalmi. Na ce ya fi.

Ta ce, "To, ya isa. Allah ya raya." Ta kawar da kai, ta ce wa ƙanwata ta buɗe taga, zafi.

Gilashin yana ɗakinta har yanzu, a kan akwatinta, an rufe shi da ɗan mayafi saboda ƙura. Da murya kawai za mu iya gaisawa a ƙaramar waya, amma ita ta ce a riƙa kunna shi in mun kira, wai in ɗakin ya yi haske ta san mun shigo. Ƙanwata ce ke ɗiga mata magani safe da yamma. Wani lokaci ta ce mini jiya Inna ta gane ƙofa a buɗe take, wani lokaci ta ce yau ba ta gane ba. Ba na sanin wanne zan riƙe.

Maigidana ya daɗe bai taɓa robarsa ba. Kwanan baya wani ɗalibi ya kawo masa matacciyar kwamfuta, ya karɓa ya ajiye a saman firji, tana nan. Karatunsa bai ƙare ba, ba mu san ranar komawa ba. Yaron yana ta girma, fuskar da na faɗa wa Inna ma ta fara canzawa, kumatun sun zube. Nakan tsaya ina lissafa abin da zan gyara mata in ta sake tambaya. Ba ta sake ba tukuna. Abin da nake so shi ne in kai shi tsakar gidanmu da rana tsaka, in tsayar da shi a inda haske ya fi ƙarfi, in bar ta ta neme shi da ɗan abin da ya rage mata, komai daɗewar da za ta yi.

Ina roƙon wanda ya karanta wannan, in kana da tsohuwa ko tsoho a gida kana nesa, ka sa wani ya kai su a auna musu ido, ko ba su ce komai na damunsu ba. Kada ka jira sai ka koma. Ka kuma sa mahaifiyata a addu'a, Allah ya bar mata wannan ɗan hasken har mu iso.